DAGA DALA ZUWA ƊANBATTA: INA ZA MU KAI BAƘONMU?

Mai karatu, bari in fara da wata tambaya wadda na tabbata ka taɓa cin karo da ita. A ce yau ka yi baƙo daga Maraɗi ko Kumasi ko Legas, ya sauka a gidanka a Kano, an ci an sha, an zaga an gaisa da dangi, sai a rana ta uku ya dube ka ya ce, "To malam, ina za ka kai ni in buɗe ido?" Me za ka ce masa?

Na san amsar, domin ni ma ita na sha bayarwa. Za ka ce a hau Dala, a leƙa Gidan Makama, a shiga Kasuwar Kurmi, a tsaya a marinar Ƙofar Mata a ɗauki hoto, in akwai yara a ƙarasa Gidan Zoo. Kafin la'asar an gama. Idan baƙon ya ce gobe kuma fa, ko akwai wani wuri a wajen gari da za a je a dawo a yini ɗaya, nan ne za ka fara sosa ƙeya. In ka yi ƙoƙari ka ce Tiga.

Kwanakin baya haka ta faru da ni. Wani abokina marubuci ya zo daga Nijar, muka gama zagayen cikin birni a yini guda, washegari na ce ya zo mu je garinmu Ɗanbatta ya ci kasuwa. Muna cikin mota ya tambaye ni, "Me ke akwai a Ɗanbatta?" Wallahi sai na ji bakina ya yi nauyi. Na ce akwai kasuwa, akwai dam. Ya ce shi ke nan? Na yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na koma na bi tarihin abin, kuma abin da na gano shi ne nake son mu tattauna yau: baƙo ba ya zuwa kallon wuri sai an riga an ba shi labarin wurin. Mu kuwa masu sana'ar ba da labari, 'yan fim da marubuta, mun bar namu a ƙasa muna takawa.

BAƘIN FARKO

Kano ba yau ta saba da baƙi ba. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) da littattafai da addini. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) Shehu Maghili ya zo daga arewacin Afirka ya zauna, har ya rubuta wa sarki shawarwari kan sha'anin mulki. Larabawan Gadamas da na Tarabulus sun zo sun kafa unguwa. Fataken goro sun bi ta nan zuwa Gwanja, alhazai sun yada zango a kan hanyarsu ta gabas. Sai dai duk waɗannan ba kallo ya kawo su ba. Ciniki ne da ilmi da ibada.

Waɗanda suka fara zuwa da niyyar su gani su rubuta, Turawa ne. A watan Janairu na 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdullahi, ya shigo Kano. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya caɓa ado da kakinsa don ya burge mutanen gari, amma ko ɗaga kai ba wanda ya yi ya dube shi, kowa na ta harkar gabansa. Ka ji Kanawa tun ran gini tun ran zane! Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa kasuwa ce, yadda aka tsara ta layi-layi, da yadda dillalai ke aiki. A cikinta har laima ƙirar Ingila ya samu ya saya, wadda ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi.

Bayan shekara 27, a watan Fabrairu na 1851, sai ga Bajamushe Heinrich Barth, shi kuma Abdulkarim. Ya hau Dala ya zana hoton birnin daga sama, ya zaga marina da masaƙa, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Littattafan mutanen nan biyu sun yaɗu a Turai, kuma su ne suka sa duk Baturen da ya zo daga baya ya riga ya san abin da zai nema: dutse, ganuwa, kasuwa, marina, gidan sarki.

To mai karatu, ka dubi wannan jerin, ka kuma dubi wanda ka lissafa wa baƙonka ɗazu. Ka ga bambanci? Kusan shekara 200 ke nan muna kai baƙi wuraren da Abdullahi da Abdulkarim suka zaɓa.

Ba wai wuraren ba su cancanta ba ne. Dala ita ce cibiyar garin, inda aka samu alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, inda kuma labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo asali. Ganuwa Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ta, Rumfa ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Kurmi da gidan sarki duk aikin Rumfa ne, Gidan Makama kuma a nan ake cewa ya zauna kafin ya hau gado. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Waɗannan abin alfahari ne. Magana ita ce, me ya sa jerin ya tsaya cak?

JIRGIN ƘASA, JIRGIN SAMA, DA AUDU BAKO

A ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Daga nan nau'in baƙi ya sauya. Layin dogo ya iso a 1911. Jirgin sama ya fara sauka a 1925, kuma daga baya filin jirgin Kano ya zama zangon jiragen da ke ratsa Afirka, inda fasinjoji kan sauka su yi 'yan awoyi a zaga da su cikin birni. Abin da aka ƙara a jerin a wannan zamani kaɗan ne: dalar gyaɗa, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya yi fice a kanta, da Babban Masallacin da aka kammala a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. Sai kuma hawan sallah, wanda ya zama abin da ake nuna wa manyan baƙi. Sarauniyar Ingila ma ta zo Kano a 1956.

Mutumin da ya fara tunanin fitar da baƙo wajen ganuwa da gangan shi ne Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka yi Dam ɗin Bagauda da otal a gefensa, aka kammala Dam ɗin Tiga a 1974, aka buɗe gidan namun daji da ke ɗauke da sunansa. Babban dalilin madatsun nan ruwan sha ne da noman rani, musamman ganin farin da ya addabi ƙasar Hausa a farkon shekarun 1970. Amma tsarin ya haɗa da shaƙatawa: mutum ya fita daga birni da safe, ya sha iskar bakin ruwa, ya dawo da yamma ko ya kwana a otal. Cikin wannan shiri na ruwa ne aka datse kogin Tomas a ƙasar Ɗanbatta.

Abin da ya biyo baya ka sani. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a daminar 1988 ya yi ɓarna mai yawa. Harabar otal ɗin daga baya ta zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Dalar gyaɗa ta ɓace tun shekarun 1970. Ganuwa kuwa, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO don a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihin duniya, a gaban idonmu ake yankarta ana gina shaguna. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti. Abin farin ciki guda shi ne a ƙarshen 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. To amma hawa na 'yan kwanaki ne a shekara. Baƙon da ya zo a watan Safar fa?

MU 'YAN FIM ME MUKA YI?

A nan ne maganar ta zo gida. Tun daga Turmin Danya a 1990, harkar finafinan bidiyo na Hausa ta haura shekara 30 tana ɗaukar hoton ƙasar Kano. Babu wata hukumar yawon buɗe ido da ta kai mu shiga gidajen mutane, daga Agadas har Jidda. Bayan Sangaya da Wasila sun buɗe kasuwar rawa da waƙa, da wuya ka kalli kaset ba ka ga saurayi da budurwa suna zagaya bishiya a bakin ruwa ko kan duwatsu ba. Tiga ta sha kyamara har ta gaji.

Amma ka tambayi kanka: a cikin finafinan nan, sau nawa aka faɗi sunan wurin? Sau nawa wurin ya shiga cikin labarin? Dam ɗin ya zama labule ne kawai a bayan 'yan rawa. Da za a cire shi a sa bakin tekun Legas, ba abin da zai ragu a fim ɗin. Mun koyi wannan daga Indiyawa, amma rabi muka koya, domin su Indiyawan finafinansu sun sa jama'a tururuwa zuwa Kashmir da Simla har da ƙasar Suwizalan, saboda ɗan kallo ya san inda aka ɗauka.

Marubutanmu ma haka. Jarumin littafi zai ɗauki masoyiyarsa a mota mai numfashi ya kai ta wani haɗaɗɗen wurin shaƙatawa marar suna, in hutun angwanci ne kuwa sai Dubai. Alhali magabata sun nuna hanya. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi kan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, Wazirin Kano Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari. Sun ɗauki wuri da muhimmanci, sun kira shi da sunansa.

Bari in ba ka misali daga nesa don ka ga abin da nake nufi. Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, ni ban taɓa taka shi ba, amma na san wani gidan yari da ke can mai suna Kilmainham kamar na taɓa kwana a ciki. A ina na san shi? A fim. An buɗe shi a 1796, an rufe a 1924, kuma a farfajiyarsa ne Ingilishi suka harbe jagororin boren neman 'yanci na 1916, domin su ma Ingila ce ta mulke su kamar mu. Bayan rufewa ya zama kango, har ciyawa ta fito a ciki. A 1960 wasu mutanen gari suka haɗu, ba da kuɗin kwangila ba, suka shiga gyara shi da hannunsu, aka mai da shi gidan tarihi. Daga nan masu fim suka shigo: In the Name of the Father a 1993, Michael Collins a 1996, duk an ɗauki wasu sassansu a ciki. Yau yana cikin wuraren da baƙon Dablin ke fara nema.

Haka in baƙon yana son fita wajen gari ya dawo a yini ɗaya, akwai motocin da ke kai shi Glendalough, kangon wata tsohuwar zawiyar Kirista ta ƙarni na 6 a cikin duwatsu, ko Newgrange, wani kabarin da ya girmi dalar Masar, ko garin Trim inda aka ɗauki wani ɓangare na Braveheart na 1995 a tsohuwar fadar dutse, duk da cewa labarin fim ɗin na ƙasar Sikotlan ne. Ka lura, kango ne da kabari da kurkuku. Ba su fi namu kyau ba. Abin da suka fi mu shi ne, kowane dutse an rataya masa labarinsa.

HANYAR AREWA

Yanzu zo mu hau mota in nuna maka tafiyar yini ɗaya da ke nan kwance ba mai tallarta. Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗanbatta da Kazaure ta kai Daura, kusan duk tsawonta fagen wani yaƙi ne da aka shafe kimanin shekara 5 ana gwabzawa, wanda na tabbata da yawa cikin masu karatun nan ba su taɓa jin sa ba.

Ga yadda abin yake. A lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai wani jarumin Bafulatani a arewacin Kano mai suna Ɗan Tunku. Ya taka rawa sosai a yaƙe-yaƙen wannan yanki har ya karɓi tuta, ya kuma kafa ikonsa a ƙasar da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura. Mazauninsa Ɗanbatta. Muddin Sarkin Kano Sulaimanu na raye ba a samu wata babbar ɓaraka ba. Da Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa, sai sabon sarki ya nemi Ɗan Tunku ya yi mubaya'a. Shi kuwa ya ƙi. Hujjarsa ita ce tutarsa daga Shehu take, ba daga Kano ba, don haka shi da Sarkin Kano tsara ne.

A nan ka kula kada ka rikice, domin Dabo biyu ne a labarin. Akwai Sarki Ibrahim Dabo, wanda ake wa Kano kirari da sunansa. Akwai kuma Dabon Dambazau, shugaban Dambazawa, ɗaya daga cikin manyan da suka yi jihadi a Kano, mai riƙe da sarautar Sarkin Bai. Sarki ya danƙa wa Sarkin Bai ƙasar arewa, wato ƙasar da Ɗan Tunku ke cewa tasa ce. Ka ga an haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya.

Yaƙi ya ɓarke. Mahayan Ɗan Tunku suka riƙa kai hari har kusa da ganuwar birni. Sarki Dabo ya kafa ribaɗi a Fanisau, can arewa da birni kaɗan, ya mai da shi sansaninsa. Ka tuna Clapperton da ya zo a 1824? Bai sami sarki a cikin gari ba, sai da ya bi shi sansani, domin ana tsakiyar wannan yaƙin ne, kuma ya ambaci Ɗan Tunku a littafinsa. A ƙarshe rundunar Kano ta fitar da Ɗan Tunku daga Ɗanbatta, ya koma cikin duwatsun Kazaure inda doki ba ya sakewa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Hukuncin da ya yanke shi ne ya haifar da taswirar da muke gani yau: Kazaure ta tsaya masarauta mai cin gashin kanta, Ɗanbatta ta zauna a ƙasar Kano a hannun Dambazawa. Ɗan Tunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi ya yi mulki har 1857.

Ka ga ke nan iyakar da kake ƙetarewa tsakanin Jihar Kano da Jihar Jigawa jim kaɗan bayan ka wuce Ɗanbatta, wadda a takarda aka ce ta 1991 ce, asalinta sulhun da aka yi shekara 200 da suka wuce ne. Kuma Hawan Fanisau da Sarkin Kano kan yi bayan sallah, zuwa ne gidan da wancan yaƙin ya kafa.

Daga nan Ɗanbatta ta zama gari na Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano su huɗu, tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A farkon mulkin Turawa, da aka ce hakimai su bar birni su koma cikin ƙasashensu, sai ta zama mazaunin hakimi sosai. A zamaninmu Sarkin Bai Alhaji Mukhtar Adnan ya riƙe sarautar tun 1954, ya yi ɗan majalisar tarayya a Jamhuriya ta Farko, ya yi kwamishinan ilmi a gwamnatin Audu Bako, ya rasu a 2021. Abin sha'awa kuma, garin da ya fitar da mai zaɓen sarki shi ne ya fitar da Magaji Ɗanbatta, ɗaya daga cikin mutum 8 da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, jam'iyyar da ta tsaya ƙyam a kan sai an rage wa sarakuna ƙarfi a kan talaka. Gari ɗaya, sarauta da sawaba. Haba marubuta, wane irin labari kuke nema da ya wuce wannan?

ABIN DA IDO ZAI GANI

Kada ka ce duk wannan tarihi ne na baka, me baƙo zai kalla? To saurara. Ka tashi da sassafe ranar Lahadi, domin ran nan kasuwar Ɗanbatta ke ci. Ka fara ratsawa ta Fanisau ka ga gidan sarki da masallacin, sannan ka dawo ka ɗauki hanya ta Dawanau, babbar kasuwar hatsin da 'yan kasuwa ke zuwa saye daga ƙasashen maƙwabta.

Daga nan ka buɗe gilashin mota ka dubi gefen hanya. Mu da muka tashi a ciki ba ma ganin komai sai gonaki. Amma wannan ƙasa ta kewayen Kano, inda gona ke manne da gona ba saura ba daji, tana cikin abubuwan da masana ke zuwa daga nesa don su yi nazari. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya fara bincike a kanta tun shekarun 1960, yana son ya gane yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara, kaka da kakanni, ba ta mutu ba. Amsar tana gabanka: takin dabbobi da sharar gari da ake kaiwa gona, a da a kan jakuna cikin mangala, haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, harawa da karmami da ake adanawa don tumaki da awaki, su kuma su mayar da taki, da bishiyoyin da ba a sarewa, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowace da mai ita. Gawo ma shi da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya yi inuwa. Wannan ilmi ne, kuma abin nunawa ne ga wanda ya iya bayani.

Cikin awa ɗaya da 'yan mintoci kana Ɗanbatta. Ka shiga kara ka ga shanu da raƙuma da tumakin da ake kawowa har daga Nijar, ka tsaya ka kalli yadda dillali ke ƙulla ciniki. Ka wuce ta ƙofar gidan hakimi. Da azahar ka gangara Dam ɗin Tomas, inda masunta ke fito da kifi, manoman rani na ban ruwa, ga kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a nan kusa. In da sauran ƙarfi, ba ka yi rabin awa ba kana Kazaure, ka ga duwatsun da suka tsare Ɗan Tunku da idonka, ka gane dalilin da ya sa ya zaɓe su. Mai sammako sosai yana iya ƙarasawa Daura ya sha ruwan rijiyar Kusugu, ya dawo Kano ya yi isha'i.

Daura ita ce hujjata ta ƙarshe. Mece ce Kusugu? Rijiya ce. Rijiya nawa ke tsakanin Kano da Daura? Dubbai. Amma ita kaɗai ake tsayawa a kalla, saboda kowane yaron firamare ya san labarin Bayajidda da macijiya da Daurama. Labari ne ya gina mata ɗaki, ya sa mata mai gadi. Ɗanbatta kuwa tarihinta a rubuce yake, da shekaru da sunaye, amma ko allo ɗaya babu a bakin hanya da zai gaya wa matafiyi cewa a nan aka yi kaza.

KAFIN JIRGI YA ISO

A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma tsarinsa ya bi ta Ɗanbatta da Kazaure da Daura. Duk ranar da jirgi ya fara jigila, dubban mutane za su riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu. Tambayar ita ce, akwai abin da zai sa ɗayansu ya ce bari in sauka a nan in yini? In babu, to sai dai mu sayar musu da rake ta taga.

Na san uzurin da furodusoshi za su kawo: fim ɗin tarihi akwai cin kuɗi, ga dawaki, ga sutura, ga jama'a. Gaskiya ne. Na san kuma shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙasar Bebeji ya wargaje a 2016. Amma Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar tun 1976. Fim ɗin Amina da ya fito a Netflix a 2021 ya nuna akwai masu son kallon tarihinmu, sai dai da Turanci aka yi shi. Mai Martaba na 2024 da Hausa aka yi shi, a Daura aka ɗauka, har Nijeriya ta tura shi gasar Oscar, amma masarautar da ke cikinsa ƙirƙirarriya ce. Saura mataki ɗaya ke nan: labari na gaskiya, a wurinsa na gaskiya, da sunansa.

Kuma ba dole sai an tara dawaki 500 ba. Marubuciya tana iya sa jarumarta ta zama 'yar dillalin shanu a kasuwar Lahadi. Darakta yana iya ɗaukar waƙarsa a Tomas ya bar jarumin ya faɗi sunan wurin, ya zama ɗan masunta ne ba ɗan Alhaji da ya zo da mota ba. Mai shirin gaskiya da waya ɗaya da makirfo yana iya zama da dattawan Ɗanbatta da na Kazaure ya naɗi abin da suka ji daga kakanninsu, tun ba su tafi da shi ba. Sharaɗi guda ne: jikokin Ɗan Tunku da na Dabo biyun duk suna nan da ransu da martabarsu, don haka wanda zai taɓa labarin ya je ya yi sallama a kowane gida, ya ji ta bakin kowa, kada ya mai da wani gwarzo wani ɗan tawaye don daɗin kallo. Sarkin Musulmi Bello ma da ya yi shari'ar bai kunyata kowa ba.

Abokin nan nawa na Nijar, a hanyarmu ta dawowa na ba shi ɗan abin da na sani a lokacin, wanda bai kai rabin wannan ba. Da muka zo daidai mararrabar da za ta kai mutum Fanisau sai ya ce direba ya tsaya, shi sai ya ga wurin. Magariba ta kawo jiki, ga gajiya, amma haka muka juya. Da safe mun wuce ta wurin bai ko waiwaya ba.

Saura kai, mai karatu. Wane labari ne ke kwance a garinku? Allah ya ba mu ikon tono shi, amin.